A Kan Mita Nawa? Ra'ayi Game da Rubuta Alamomin Awo da Hausa

Kawuna ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aiki a ɗakin saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a kudancin kogin Kaduna. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan ɗaki lokacin da injina ke bugawa ya san ba a magana a cikinsa sai da hannu da ido. Masaƙar ta daɗe da rufewa, amma abin da ƙararta ta yi wa kunnen Kawu yana nan. Da nauyin jin ya tsananta, har ta kai maƙwabta sun fi shi jin rediyonsa, sai 'ya'yansa suka haɗa kuɗi aka gwada masa kunne, aka saya masa na'urar taimaka wa ji. Ya dawo gidansa na Makera da na'urar a bayan kunne, da kuma wata takarda a aljihu.

Da na je gaishe shi, sai ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai da ka karanta Hausa har kake koyar da ita, karanta mini wannan da Hausa." Jadawali ne. A samansa an jera lambobi daga 250 zuwa 8000 an bi su da Hz, a gefen hagu kuma wasu lambobin ne da dB. Wani layi ya taso a miƙe daga hagu, da ya iso 4000 sai ya faɗa rami. Na yi gyaran murya na ce, "Kawu, waɗannan na sama mitar sauti ce." Ya dube ni ya ce, "Wace mitar, ɗana? Ta rediyo, ko ta wutar lantarki, ko ta awon yadi, ko kuwa wadda innarku ke yi mini in na ƙure muryar akwatin nan?" Muka yi dariya, sai dai tawa ta yaƙe ce, domin ba ni da amsar da zan ba shi.

Ra'ayin da nake son gabatarwa a nan ya samo asali ne daga wannan tambaya. Lokaci ya yi da manazarta Hausa za su tsayar da ƙa'ida kan yadda ake rubuta ma'aunan zamani. Sunan ma'auni mu Hausantar da shi yadda harshe ya yarda. Alamarsa kuwa mu bar ta kamar yadda duniya ta amince da ita, ba ƙari ba ragi. Wanda ya kamata mu sa a gaba yayin tsayar da ƙa'idar shi ne mutum irin Kawu, wanda kunnensa ba zai iya gyara masa abin da alƙalami ya ɓata ba.

Yadda Mita Ta Bar Gidanta

Kalmar mita ta shiga bakin Bahaushe ta ƙofar rediyo kafin ta shiga ta ƙofar kasuwa. Tun daga 1962 da aka kafa kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ɓangaren rediyonsa ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, masu sauraro daga Sakkwato har Maiduguri, da ma ƙetaren iyaka, suka saba da jin cewa ana kama Kaduna a kan mita 49 a gajeren zango. Haka kuma sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da na Muryar Jamus da na Muryar Amurka da suka biyo baya, duk da mita suke sanar da inda za a same su. Ita kuwa kasuwa har yau da yadi take awon atamfa, da mudu take awon hatsi, duk da cewa Nijeriya ta koma tsarin awo na mita tun a shekarun 1970.

A wancan zamani maganar daidai take. Saƙon rediyo yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, da gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ana iya bayyana wurin tasha ta hanya biyu: ko dai a faɗi tsawon igiya ɗaya, wanda ake aunawa da mita, ko a faɗi sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa, wanda ake aunawa da haz. In ɗaya ya ƙaru, ɗayan raguwa yake yi. Lissafin kuma ba shi da wuya: a raba 300 da yawan megahaz, sai a sami tsawon igiya a mita. Rediyon Kaduna a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, yana da igiya mai tsawon mita 49 da ɗan ɗoriya. Tasharsa ta matsakaicin zango a kan kilohaz 594 kuwa igiyarta ta kai kimanin mita 505.

Da tashoshin FM suka yawaita, sai masu gabatar da shirye-shirye suka riƙe tsohuwar kalmar suka ɗora ta a kan sabuwar lamba. Yau za ka ji an ce ana sauraron tasha kaza "a kan mita 92.1", alhali 92.1 ɗin megahaz ne, kuma tsawon igiyar tashar kimanin mita uku da kwata ne kawai. Wanda ya ɗauki maganar a kan zahirinta ya nemi igiya mai tsawon mita 92.1, zai tsinci kansa a wajen kilohaz 3257, can cikin gajeren zango, inda babu alamar tashar da yake nema.

Masanin ma'ana zai ce wannan faɗaɗar ma'ana ce, kuma halal ce a kowane harshe: mita ta zama "mazaunin tasha a jikin akwati". Na yarda da shi, kuma ba ni da niyyar bin direban a-daidaita-sahu a Sabon Tasha ina gyara masa magana. Damuwata ita ce abin da ya faru a rubuce. Kalma ɗaya ta ɗauki nauyin abubuwa biyu masu kishiyantar juna, kuma ba mu tanadi wata da za ta raba su ba in buƙatar rabawa ta taso. Ranar da Kawu ya miƙo mini takardarsa, buƙatar ce ta taso.

Ɗakin Rediyon Sha'awa

Kawu yana da wani amini a Barnawa, tsohon ma'aikacin gyaran na'urorin sadarwa, wanda ke da lasisin abin da zan kira rediyon sha'awa. Masu wannan harka mutane ne da hukuma ta ba izinin aikawa da karɓar saƙo ta rediyo daga gidajensu, don koyo da gwaji da zumunci, ba don neman kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta ne a Faris a 1925, kuma kowane ɗayansu yana da lambar kira. Ta 'yan Nijeriya takan fara da 5N, ta 'yan Nijar da 5U. Ba su da yawa a ƙasar Hausa, amma ɗakinsu wuri ne mai kyau na gwada kowace ƙa'idar rubuta awo, domin a can kuskuren baƙi ɗaya yana hana mutum biyu haɗuwa.

Su ma suna kiran zangonsu da mita. Akwai zangon mita 40, wanda a yankinmu ya kama daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, da zangon mita 20 daga megahaz 14.0 zuwa 14.35, da zangon mita 2 daga megahaz 144 zuwa 146. Bambancinsu da sauran jama'a shi ne ba sa haɗa biyun. Mita sunan unguwa ce, kilohaz kuwa lambar gida. In mutum ya ce mu haɗu a mita 40, sai an tambaye shi a kilohaz nawa.

Shi ma aminin Kawu shekaru sun taɓa masa kunne, yana kuma sa na'ura. Zaman da na yi da su ya nuna mini cewa na'urar taimaka wa ji da akwatin rediyo ba kullum suke shiri ba. In ya danna makirfo yana aika saƙo, ƙarfin igiyar da ke fita kan kutsa cikin na'urar kunnensa, ya ji muryarsa tana dawo masa a gurɓace. Irin abin da ke faruwa ke nan in aka ajiye wayar hannu kusa da lasifika aka ji tana gurnani kafin kira ya shigo. In ya ɗora abin sauraro a kan na'urar, sai ta yi ta fito. Maganin da ya samu shi ne wani ɗan naɗin waya da ke cikin na'urori da yawa, wanda ake yi wa alama da harafin T. Wannan naɗi yana karɓar sauti ta hanyar maganaɗisu kai tsaye daga wata waya da ake ratayawa a wuya a jona da akwatin rediyo, ta yadda hayaniyar ɗaki ba ta shiga. Amma shi ma yana da nasa aibin, domin yana kwaso gurnanin wutar lantarki mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa daga taransifoma da janareta, waɗanda ba su da wuyar samu a unguwannin Kaduna.

Saboda duk wannan, dattawan biyu sun daina dogara da kunne a kan duk abin da ya shafi lamba. Littafi suke da shi. A cikinsa na ga an rubuta ma'auni ɗaya ta hanyoyi huɗu: KHZ, Khz, khz da kHz. Na ga mhz a inda ake nufin MHz. Ba laifinsu ba ne, domin haka suka gani a allunan tashoshi da jikin motocin gidajen rediyo da shafukan jaridu. Su sun san abin da suke nufi. Jikan da zai gāji littafin, ko ɗalibin da zai koya daga gare shi, ba lallai ya sani ba.

Abin da Kunne Ke Fara Rasawa

Dalilin da ya sa na ce mai nauyin ji ne ya kamata mu sa a gaba yana cikin ilimin furuci, wanda fagenmu ne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kimanin haz 20 zuwa haz 20,000. Ƙarar injina da tsufa sukan fara cin ɓangaren sama ne, kuma ramin da ke wajen haz 4000 a takardar Kawu sananniyar alama ce ta kunnen da ƙara ta lalata. A wannan ɓangare na sama ne ƙarfin baƙaƙe irin su s da sh da ts da c da f yake. Wasula da karin sauti kuwa a ƙasa suke zaune, shi ya sa sukan tsira. Rediyon sha'awa ya ƙara tsananta lamarin, domin muryar da yake ɗauka ba ta cika wuce haz 3000 ba. Akwati ya yanke sama, kunne ya ƙara yankewa.

Sakamakon haka ga mai jin Hausa abin lura ne. Yana jin tashin murya da saukarta, yana jin tsawon wasali, amma baƙaƙen sun dushe. To, a duba lambobinmu. Bakwai da takwas karin sautinsu ɗaya, gaɓoɓinsu biyu-biyu. Talatin da tamanin haka. Saba'in da casa'in kuwa karin sautinsu da wasulansu duk ɗaya ne, baƙaƙe ne kawai suka raba su, kuma baƙaƙen da suka raba sun haɗa da waɗanda kunne ke fara rasawa. Wanda aka faɗa wa "casa'in da bakwai da ɗigo bakwai" ta lasifikar da ke shashsheƙa yana iya rubuta lambobi iri-iri.

Akwai ƙarin wani abu da ya shafi kudancin Kaduna musamman. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, masana'antu da tashar jirgin ƙasa suka tara mutane daga ko'ina. A Nasarawa da Narayi da Television da Sabon Tasha, Hausa ce harshen kasuwa da na mota da na maƙwabtaka, amma ga dubban mutane, Gbagyi da Bajju da Atyap da sauransu, harshe na biyu ce. Mai harshen uwa yakan cike gurbin baƙin da bai ji ba da sabo. Mai harshe na biyu cikewar ta fi yi masa wuya. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu na wannan yanki sun haɗa abubuwa biyun, nauyin ji da Hausar da aka koya a waje. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ta ce mutane kusan miliyan 430 ne a duniya ke da nauyin jin da ke buƙatar kulawa. Ga irin waɗannan mutane, rubutu shi ne madogara ta ƙarshe.

Masu rediyon sha'awa sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa suke kiran kowane harafi da cikakkiyar kalma in suna faɗar lambar kira. Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: almajirin da ke cewa alu baƙi da mim ara da ha kuri yana ba harafi suna ne don kada ya rikice da ɗan'uwansa. Abin da muka yi wa haruffan allo ba mu yi wa ma'aunan zamani ba.

Alama Daban, Taƙaitawa Daban

Tushen ruɗanin, a ganina, shi ne muna ɗaukar km da kg da kHz a matsayin taƙaitattun kalmomin Ingilishi, kamar yadda muke taƙaita Alhaji ko Malam. In haka ne, kowa na da 'yancin rubuta su da babban baƙi ko ƙarami, ya sa aya ko ya bari. Amma a tsarin awo na duniya, wanda aka tabbatar a babban taron awo na 1960 bisa yarjejeniyar mita ta 1875, waɗannan alamomi ne irin na lissafi. Matsayinsu ɗaya da + da = da lambar 7. Bafaranshe da Bajamushe da Baturken Istanbul kowa da yadda yake rubuta sunan ma'aunin a harshensa, amma duk km suke rubutawa.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Alama ba ta ɗaukar aya sai in ita ce ƙarshen jimla, ba ta kuma da jam'i. Ana barin fili tsakanin lamba da alama. Ma'aunin da aka sa wa sunan mutum alamarsa na farawa da babban baƙi: Hz daga Heinrich Hertz, W daga James Watt, V daga Alessandro Volta. Saura ƙananan baƙaƙe ne, ban da lita, wadda aka yarda tun 1979 a rubuta ta da L ko l, don kada ƙaramin baƙin ya rikice da lambar 1. A ɗafa-goshin da ke nuna ninki kuwa, ƙaramin k dubu ne, babban M miliyan ne, ƙaramin m kashi ɗaya cikin dubu. Babban K shi kaɗai alamar kelbin ce, ma'aunin zafi. Saboda haka tsakanin MHz da mHz akwai ninki biliyan guda, tsakanin MW da mW ma haka: na farko awon tashar wutar lantarki ne irin ta Shiroro, na biyu awon abin da ɗan batirin na'urar kunne ke bayarwa.

Ita dB ta takardar Kawu tana bin wannan tsari. Ƙaramin d kashi ɗaya cikin goma ne, babban B kuma daga sunan Alexander Graham Bell, wanda kafin a san shi da tarho malamin kurame ne. Desibel ba ya tafiya kamar mudu, inda biyu ke ninka ɗaya. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti, ƙarin desibel 10 kuma ninki goma. Wannan ne ya sa ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata da yawa ke bi ta ce desibel 85 na awa takwas shi ne iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Da an taɓa rubuta wannan bayani da Hausa mai kyau an liƙa a ƙofar ɗakunan saƙa, da wasu kunnuwan sun tsira.

Gaba Ko Baya?

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga Hausa, wadda nake ganin a nan ne manazarta za su fi saɓani. Bahaushe yana gabatar da ma'auni ne kafin lamba: mita 49, kilo 50, lita 20. Tsarin duniya kuwa lamba yake gabatarwa: 49 m, 50 kg, 20 L. To, wanne za mu bi? Marubuta Suwahili da dama, waɗanda harshensu ke da irin wannan jeri, sun zaɓi rubuta km 10. Hujjarsu a fili take: a rubuta yadda ake faɗa.

Ni dai ina ganin mu raba hanya biyu. In an rubuta cikakken suna, a bi nahawun Hausa: kilomita 10, kilohaz 6090. In an yi amfani da alama, a bi tsarin duniya: 10 km, 6090 kHz, a kuma karanta shi da jerin Hausa. Dalilina na farko shi ne abin da mai karatu zai gani a jikin akwatin rediyo da kwalbar magani da buhun taki da allon hanya. In littafin makaranta ya koya masa wani jeri daban, mun ƙara masa aiki. Na biyu, Bahaushe ya riga ya saba da ganin abu ɗaya ya faɗi wani. Yana ganin 4:30 ya ce ƙarfe huɗu da rabi. A Maraɗi yana ganin 100 F a jikin kaya ya ce dala ashirin, ko gezau. Baturen Ingila ma yana rubuta alamar fam kafin lamba, ya faɗe ta bayan lamba. Karanta 10 km a ce kilomita goma bai fi waɗannan wuya ba.

Maraɗi ta tuno mini da matsala ta biyu. Hausa harshe ne da iyaka ta ratsa, ɓangare ɗaya ya gāji lissafin Ingila, ɗayan na Faransa. A Kaduna ɗigo ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, waƙafi kuma ke raba dubbai. A Damagaram waƙafi ne ke aikin ɗigo. In aka rubuta 6,090, ɗan Kaduna zai karanta dubu shida da casa'in, ɗan Damagaram ya karanta shida da ɗan gutsure. In kilohaz ake nufi, na farko ya yi daidai. In megahaz ne, na biyu. Babu abin da zai raba gardamar sai alamar da ke biye, k ce ko M. Tsarin duniya ya halatta ɗigo da waƙafi duka a matsayin alamar gutsure, ya kuma ba da shawarar a raba dubbai da fili kawai. A rubutun kimiyya da Hausa, wannan shawara ta fi dacewa da mu fiye da yawancin harsuna.

Abin da Za a Iya Cewa

Wani zai ce Rashawa da Larabawa suna da nasu alamomin a nasu haruffan, me zai hana Hausa? Amsa ita ce su rubutunsu daban ne, mu kuwa boko da alamomin duniya haruffansu ɗaya. In muka ƙirƙiro namu, misali kh don kilohaz, za mu sami alamomi biyu masu kama da juna a rubutu ɗaya, wanda ya fi rashin alamar haɗari. Masu rubutun ajami suna da tasu tattaunawar da za su yi, kuma ta cancanci a yi ta.

Wani kuma zai ce wannan aikin malaman kimiyya ne. Ba na jin haka. Malamin kimiyya ya san kHz, amma ba shi zai yanke hukunci ko kilohaz za a rubuta ko kilohas ba, ko jam'in mita mitoci ne a kowane muhalli, ko wace kalma za ta ɗauki ma'anar da na yi ta kira yawan kaɗawa a wannan maƙala. Tarihin daidaita rubutun Hausa, daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, ya fi mayar da hankali ga baƙaƙe masu ƙugiya da tsawon wasali da raba kalmomi, kuma ya yi abin da zamaninsa ya buƙata. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu kalmomin nazarin harshe da adabi da muke amfani da su har yau. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa awo.

Na uku zai ce jama'a ba za su bi ba. Wataƙila a baki ba za su bi ba, kuma ba dole ne su bi ba. Amma ƙa'idar rubutu ba ta taɓa farawa daga kasuwa ba. Daga mujalla da littafin makaranta da ɗakin labarai take farawa, kuma masu aiki a waɗannan wurare ɗalibanmu ne.

Shawarwari

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin sassan Hausa na jami'o'inmu ba. Da farko, mujallunmu su ƙara shafi guda a cikin ƙa'idojin da suke ba marubuta, wanda zai jera ma'aunan da aka fi amfani da su, kowanne da sunansa na Hausa da alamarsa ta duniya, da misalin jimla. Na biyu, a tsayar da kalmomi biyu mabambanta don tsawon igiya da yawan kaɗawa. Nawa shawara ce kawai, in an sami waɗanda suka fi su daɗin faɗa, madalla. Na uku, a nemi gidajen rediyo su riƙa faɗar megahaz ko da sau ɗaya a sanarwar tasha, su kuma gyara alamar a allunansu. Na huɗu, tunda a Kaduna Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take tun 1999, babu abin da zai hana masana Hausa su zauna da likitocin kunne su fitar da takardar bayanin gwajin ji da Hausa, tare da jerin kalmomin gwaji da aka zaɓa bisa tsarin sautin Hausa, da la'akari da karin sauti da tsawon wasali. Wannan kaɗai ya isa batun digiri na uku.

Na koma Makera bayan mako biyu da amsar da na iya haɗawa. Na ce wa Kawu lambobin sama suna nuna kaurin sauti da sirantarsa, daga ganga zuwa sarewa, na gefe kuma suna nuna yadda sai an ɗaga sautin kafin ya ji shi. Ramin nan kuwa shi ne inda s da sh suke ɓace masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa nake jin muryar innarku amma ba na jin maganarta." Ya ɗauko littafinsu na rediyo ya ce in rubuta masa bayanin a bangon baya, da manyan baƙaƙe don ya gani da kyau. Na rubuta komai da manyan baƙaƙe kamar yadda ya nema, ban da kHz da dB, waɗanda na bari yadda suke, na kuma faɗa masa dalili.